Ranar da Oga Bitrus Ya Karanta Bayana

Ku 'yan matan layinmu, na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya a bakin rijiya. Kullum maganar ɗaya ce: "Anti Briskila, ki sama mana irin aikinki mana. Zama kawai a ƙarƙashin fanka kina jefa wa maza kati." To ga shi na rubuta, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran. Ban yi nisa a makaranta ba, saboda haka yadda bakina yake haka za ku gan shi a takarda. In kun gama har yanzu kuna son aikin, ku zo.

Ni mai raba kati ce a ɗakin baya na gidan abincin Madam Rifkatu, nan Kafanchan. A gaba ana shan farfesu, a baya ana wasan da suke kira poka. Ranar Alhamis muka fi cika, da rana tsaka, in kasuwar aladu ta tashi aljihu ya yi nauyi. Wasan kansa ba wuya a faɗe shi. Kowa zan ba shi kati biyu a rufe, daga shi sai Allahnsa. Sai in shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, na kowa da kowa: uku tare, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. Kafin kowace shimfiɗa da bayanta ana zubi a tsakiyar tebur, wurin da muke kira tukunya. In layi ya zo kanka, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka zubar da katinka ka haƙura. In ba wanda ya zuba komai, kai ma ba ka so, sai ka ƙwanƙwasa tebur sau biyu, wato a wuce ka. Wanda katinsa ya fi haɗuwa da na tsakiya shi ke kwashe tukunya. Ko kuma wanda ya iya burga, ya tsorata kowa suka zubar, alhali abin da ke hannunsa shara ce. Shi ke nan. Kun ga da sauƙi, ko? Haka ni ma na ce.

Ranar da aka fara ba ni kati damina ce, irin ruwan garin nan da ba ya sallama. Kati ya sha sanyi ya manne da juna kamar yankakkiyar kuɓewa. Na jefa wa mutum ɗaya sai biyu suka tafi tare, ɗayan ya kife a buɗe kowa ya gani. Baba Dogara ne ke koya mini, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya kawo wasan nan gidan Madam tun ina tallar gyaɗa. Bai zage ni ba. Ya kwashe katin ya zuba a leda, ya barbaɗa hodar jarirai, ya girgiza, ya goge su ɗaya-ɗaya da gefen rigarsa. Ya ce, "Kati kamar ɗuwawun jariri ne, 'yata. In ya jiƙe, kowa zai sha wuya." Daga nan ya nuna mini sauran kayan aiki. Bargon soja da ake shimfiɗawa a tebur don kati ya yi sulɓi amma kada ya gudu. Murafen kwalba da muke wasa da su, don Madam ba ta son ganin takardar kuɗi a kan bargo, kana shigowa za ka canza a wurinta. Da wani tsohon kwabo mai huji da ke zagayawa, yana nuna wanda zai yi magana a ƙarshe. In kin ɓatar da kwabon nan, ki ɓata tare da shi.

Hannu bai ba ni wuya ba. Fuska ce ta kusa kashe ni. Baba Dogara ya ce mai rabo ba shi da fuska, ba shi da dangi, ba shi da coci. Sai ya sa in guntsi ruwa a baki ina raba kati, shi kuma ya zauna a gabana yana kwaikwayon yadda Fasto ke gyaran murya kafin ya ambaci baikon kuɗin ginin coci. In na fesar da ruwan, mu koma farko. Na jiƙa tsohon nan har ya fara zuwa da tawul. Da na ci wannan, sai ya koma ba ni labarin mutuwa, wai in na iya hana dariya in iya hana tausayi. Ya koya wa idona ya zauna a kan bargo, ya koya wa hannuna kada ya yi sauri ga wanda nake so ya yi nawa ga wanda na tsana. Ya horar da fuskata, ya horar da idona, ya horar da yatsuna. Bayana ne kawai bai horar ba, kuma ba laifinsa ba ne. Namiji ne, bai taɓa goyo ba.

Dokar Madam ɗaya ce, kuma ku riƙe ta don duk labarin a kanta yake. Mai rabo da ya ba wani alama, da gangan ko ba da gangan ba, ranar zai tafi. Wanda na gada, Danladi, sosa kunne ya kore shi. Har yau yana rantsuwa ƙaiƙayi ne. Kuma garin nan ƙarami ne, in aka ce kina ba da alama ko ludo ba za a bar ki ki riƙe wa yara ba.

Masu zuwa suna da yawa, amma uku za ku riƙe. Akwai Hedimasta Ishaya, ya yi ritaya, yana wasa kamar mai tsallaka babban titi da ƙwai a ka. Sai ya zubar, ya zubar, ya zubar, har ka manta yana wurin. Bai taɓa burga ba tun da uwarsa ta haife shi. In Hedimasta ya tura murafe da yawa, ko matarsa ce a teburin sai ta zubar. Akwai Dattijo Luka, dattijon ikilisiya ne a wata unguwa, ba cocinmu ba. Ta ƙofar kicin yake shigowa, a gida kuwa an san ya tafi gaishe da marasa lafiya. Shi burga ce abincinsa. Sai kuma Oga Bitrus mai aladu, ƙato, daga kasuwa kai tsaye yake zuwa da warinsa da komai. Shi ba ya zubarwa. Ko me ka ba shi sai ya bi, wai ya riga ya biya kuɗin kallo. Kuma ba ya kallon fuskar mutum. Kullum cewa yake, "Fuskar alade ƙarya ce, mai lafiya da mai ciwo kukansu ɗaya. Baya ake dubawa." Mu muna dariya. Ashe mutumin nan karatu yake ba mu.

Akwai wata al'ada a ɗakinmu da ban ji ana yi a wani wuri ba. In aka yi babban hannu, wato zagayen wasa mai babbar tukunya, wani ya mutu ƙurmus aka kwashe murafensa, ba a ci gaba sai an yi zaman makoki. Madam za ta bar tukunyar farfesu ta shigo ta tsaya. Ni zan maido da katin tsakiya yadda suka fito, ɗaya bayan ɗaya, a bi gawar daga farko a ga inda ciwon ya kama ta. A kowane mataki mamacin zai faɗi abin da ya sa ya yi abin da ya yi, kuma ba a ƙarya a makoki. A wasa ka yi ƙarya iya son ranka, amma a makoki in aka kama ka, kai za ka sayi farfesun kowa. Baba Dogara ya kafa wannan, wai don mutum ya tafi gida da hankali tunda bai tafi da kuɗi ba.

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, ita ce muguwar shekararmu. Ba sai na gaya muku ba, gidajenku ma sun ji. Ganye ya yi rawaya, ka tona ka samu ruwa mai wari. Masu sayen citta da ke cika mana tebur suka ɓace kamar an share su. Wata Alhamis mutum uku ne kawai, suna tura wa juna murafe kamar masu rabon gadon talaka. Ni kuwa abin da mai ci ya jefo mini na goro shi ne rabin abincina, kuma mai cin ƙaramar tukunya ba ya tuna mai rabo. Gonar mijina Yohanna a Madakiya ta tafi gaba ɗaya, ya tattara ya nufi Mararaban Rido yana lodi a bakin hanya. A cikin wannan na haifi Godiya. Ba mai riƙe mini ita. Na durƙusa wa Madam ta bar ni in zo da goyo. Ta dube ni ta dubi yarinyar ta ce, "Maman Godiya, nan ba asibitin awo ba ne. Ranar da ta yi kuka a kan tukunya, ku biyu za ku kama hanya." Na ce na yarda. Yarinyar kuwa kamar ta ji, sai barci. Ƙarar murafe ma kamar waƙa ce gare ta.

Bayan na fara zuwa da goyo sai wani abu ya canza. Oga Bitrus, wanda kowa ke ci kamar tuwon biki, ya fara kama burga. Dattijo Luka zai tura tuli, ya haɗe rai kamar mai karanta sanarwar jana'iza, sai Oga Bitrus ya ce "na bi" tun bai rufe baki ba, a buɗe a ga shara. Ranar da Dattijo ke da kati na gaske kuwa, Oga Bitrus zai zubar yana murmushi. Aka fara cewa ya je Zangon Kataf an yi masa wankan asiri. Dattijo har addu'a ya yi a kan kujerar Oga Bitrus a ɓoye, na gan shi. Ni ban kawo komai a raina ba. Fuskata a kulle, idona a bargo.

To ga hannun da ya kusa cinye ni. Alhamis ce, kasuwa ta fara dawowa, Oga Bitrus ya sayar da kyau, murafe a gabansa kamar tsibin gyaɗa. Hedimasta ma ranar yana da nauyi. Na raba. Oga Bitrus ya ƙara, Hedimasta ya bi, sauran suka zubar, har da Dattijo. Na shimfiɗa ukun farko: sarki na shebur, bakwai na zuciya, biyu na zuciya. Oga Bitrus ya zuba, Hedimasta ya bi. Na huɗu ya fito huɗu na fulawa, katin da bai taimaki kowa ba. Oga Bitrus ya sake zubawa, amma kaɗan. Hedimasta ya cire tabarau ya goge, leɓensa na motsi, ya bi. A daidai nan na ji Godiya ta farka. Ta miƙe ƙafafu ta dafe ƙuguna, ta fara irin nishin nan da kowace uwa ta san abin da ke biye da shi. Tukunya kuwa ta cika. Maganar Madam ta faɗo mini. Na fara jijjiga ta.

Na ƙarshe ya fito goma na zuciya. Zuciya uku ke nan a tsakiya, duk mai zuciya biyu a hannu ya haɗa biyar iri ɗaya, abin da suke kira fulosh, kuma fulosh na taka sarki biyu kamar babbar mota ta taka gwangwani. Oga Bitrus ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu. Hedimasta ya sa hannu biyu ya tura duk abin da ke gabansa. Godiya ta ja numfashi za ta tsala ihu, na ƙara jijjiga, har kujera na ƙara. Oga Bitrus bai ko kalli Hedimasta ba. Ya ce, "Na bi."

Hedimasta ya buɗe: es na zuciya, katin da ya fi sarki, da tara na zuciya. Oga Bitrus ya buɗe sarki da jak. Na tura tukunya gaban Hedimasta, gaban Oga Bitrus ya koma bargo zalla.

Madam ta shigo tana goge hannu. "Wa ya rasu?"

"Mai aladu," in ji Dattijo Luka, murna har kunne. "Allah ya ji ƙansa. Wankan Zangon Kataf ya sake shi."

Na maido da ukun farko. Madam ta ce, "To mamaci, yi magana."

Oga Bitrus ya ce, "Sarki na hannuna, sarki na ƙasa. In ban zuba ba me nake jira, ƙaho na ƙarshe?" Kowa ya yarda a nan lafiyarsa ƙalau. Aka juya ga Hedimasta, ya ce zuciya huɗu ya riga ya gani, biyu nasa biyu na ƙasa, saura ɗaya, ga kati biyu na zuwa. Ba mahaukacin da zai zubar.

Na ajiye na huɗu. Nan Hedimasta ya gyara zama kamar ya dawo aji. "Bitrus, a nan zazzaɓin ya kama ka. Tukunya ta yi girma, ka zuba ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗunta ba. Zuciya tara suka rage a cikin katin da ban gani ba. Wato kusan sau ɗaya cikin biyar za ta zo mini. Da ka zuba kwatankwacin tukunyar, da na zubar na tafi gida na sha koko. Amma ka sayar mini da katin ƙarshe a farashin ɗan alade mai gudawa."

"Ina so ka biyo ni ne," in ji Oga Bitrus.

"Ai na biyo ka. Har kabari. Kuma na san in ta zo ba ka iya zubarwa, saboda haka ba tukunyar kawai nake saye ba, har da abin da ke gabanka."

Aka yi dariya. Na ajiye goma na zuciya. Madam ta ce, "To ga inda nake so in ji. Ƙwanƙwasawarka daidai ce, ka ga zuciya ta uku ka ji tsoro. Sai mutumin da bai taɓa burga ba ya tura duka. Bitrus, ko akuyar da ke bayan kicin ɗina ta san ta zubar. Me ya sa ka bi?"

Ya ce zuciyarsa ce ta ba shi.

"Ƙarya a makoki!" in ji Dattijo. "Madam, a zuba farfesu, da kai da ƙafa."

Ban sani ba ko asarar ce ko farfesun mutum shida. Oga Bitrus ya miƙe tsaye ya nuna ni da yatsa. "Ai ta jijjiga! Ku tambaye ta! In mutum na burga, yarinyar nan jijjiga goyo take. In da kati na gaske, sai ta tsaya cak kamar turmi. Tun da ta fara zuwa da goyon nan bai taɓa saɓawa ba. Yau har kujera na kuka. Ta yaudare ni!"

Kun ji mutum. An kama shi da hannu a tukunyar miya, yana ƙarar cewa miyar ta ƙone shi.

Amma ba wanda ya yi dariya. Dattijo Luka ya tashi a hankali. "Ashe. Ashe ba wanka ba ne. Duk abin da mutumin nan ya ci nawa, ta bayan yarinyar nan ya bi. Madam, kin san dokarki."

Madam ta ce, "Briskila, ajiye katin."

Na ajiye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da ya faɗa sai na gane gaskiya ce. Ni katin kowa ba na gani. Amma mutane nake gani, kuma ni mace ce mai fargaba. In na ga mutum ya tura abincin gidansa a kan shara, tsoro ne ke kama ni. Baba Dogara ya toshe fuska, ya toshe ido, sai tsoron ya nemi wata ƙofa ya fita ta baya.

Na juya na kwance zani na sauke Godiya a kan benci. Ba sai na yi bayani ba, warin ya yi. Har wuyanta ya kai. Wani mai kemis da ke kusa ya ja kujera baya. Na ce, "Oga Bitrus, ga katin da ka karanta. Ka duba da kyau ko burga ce."

Hedimasta ya fara dariya har tabarau ya faɗi. Na goge ta, na canza mata, amma zanina da hannuna sai an wanke. Na ɗaga ta na dangwara wa Oga Bitrus a cinya. "Tunda kai ka fi kowa sanin bayana, riƙe abin da ke cikinsa." Na fita bakin famfo.

Da na dawo Dattijo na kan bakansa. "Wannan ya wanke ta a yau. Sauran ranakun fa? Ke, me kike gani a jikina?"

Na ce, "Baba Dattijo, abin da nake gani a jikinka yake, duk mai ido zai iya gani. Amma mai rabo ba ya magana. In na faɗa maka a gaban mutanen nan, wannan ce alamar da za a kore ni a kanta."

Madam ta ce, "Doka doka ce. Da gangan ko ba da gangan ba, na faɗa. Dama akwai wata yarinya da ke damuna da neman aikin. Dattijo ai ka san ta, 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinku ce, mai zama a gaba kusa da matarka. Hannunta da sauri, bakinta ma haka."

Ban san ko da gaske akwai yarinyar ba, har yau ban tambaya ba. Dattijo ya koma ya zauna. Ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai a matsayinsa na dattijo, ba ya son a yi gaggawar yanke hukunci, gama dukanmu masu zunubi ne.

"Gafara ba ta gyara tebur," in ji Madam. "Gobe ta goya, gobe Bitrus ya karanta. Yanzu ma kowa ya san littafin."

Hedimasta ya ce, "To ai matsalar ba yarinyar ba ce, goyon ne. A sauke shi."

"A ajiye wa wa? Ni ina da tukunya a wuta."

Sai na kalli Oga Bitrus. Mutumin da aka kwashe tas, yana zaune ya kwantar da Godiya a kan damtsensa ruf da ciki, kamar yadda yake ɗaukar 'yan aladu, yana shafa mata baya da babban yatsa. Ta yi lamo. Ya sa gaɓar yatsa ya taɓa dasashinta ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Haƙori ne. Shi ke kawo gudawar. Ki ba ta ruwan gishiri da sukari, kada ki bari ta bushe."

Sai na ce, "Madam, a kowane hannu ai akwai wanda ke fara zubar da kati. Daga nan har a gama, hannunsa banza yake."

Madam ta dube ni. Ta dubi maza shida da suka bar gidajensu don kada a ba su riƙon yaro. Na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "Raba mu gani."

Na wanke kati, na raba da baya a sake, iska na shiga rigata. Dattijo ya yi wata burga mai kyau a wannan hannun. Na ga jijiyar da ke ƙasan kunnensa tana harbawa kamar kullum, tsoron ya taso mini kamar kullum, amma ba abin jijjigawa. Ya kwashe tukunya da shara, ya buɗe yana ihu, ya ce lalle Ubangiji ya amsa. Madam ta koma kicin. A bakin ƙofa ta ce, "Wanda ya ƙi riƙo, ya canza murafensa ya tafi." Haka dokar ta zauna. Farfesun ranar kuwa Oga Bitrus ya saya, don ƙaryar da ya fara yi.

Alhamis ta gaba Dattijo ya zo da baƙin tabarau, da hula har gira, da riga mai dogon hannu a cikin zafi. Wuyan a buɗe. Har yau haka yake zuwa.

Abin da ba wanda ya zata shi ne Oga Bitrus. Mutumin da ba ya zubarwa ya koma shi ke fara zubarwa. Ya kalli katinsa, in ba su da kyau ya wurgar, ya miƙa hannu, "Kawo mini uwata." Kuma tun da ya daina bin kowace shara, sai ya daina asara. Hedimasta ya ce shekara da shekaru yana koya masa wannan bai ji ba, sai da malama marar haƙori ta zo.

Saboda haka in kun ce zama ne a ƙarƙashin fanka, ban musa ba. Ku zauna ɗin. Amma ku san duk abin da ke jikinku ana karanta shi, har inda ba ku iya gani.

Godiya yanzu tana tafiya, ta girma a cinyar 'yan poka. Kwanakin baya aka gayyaci zumuntar matanmu sujadar godiyar kaka a wani coci, na tafi da ita. Lokacin baiko ya yi, sai ga mai zagayawa da faranti, cikin babbar riga, fuska kamar ta mala'ika: Dattijo Luka. Ya zo layinmu ya miƙo farantin. Godiya ta dube shi, ta gane shi. Ta ɗaga ɗan hannunta ta ƙwanƙwasa benci sau biyu.

Kuma ya wuce. Wallahi ya wuce mu, sai da ya kai mutum na gaba ya tsaya kamar an soke shi.

Fuskata ba ta motsa ba, da Baba Dogara ya gani da ya yi alfahari. Sai matar da ke zaune a bayana ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yar'uwa, zazzaɓi kike? Bayanki sai rawa yake."